AYILAN, ƘASAR DA MARKA BA TA ƊAUKEWA

Mu a nan ƙasar Hausa ruwan sama ba ya laifi. Ko gida ya rusa, ko gona ya kwashe, ba ka taɓa jin dattijo ya ce ruwa ya yi ɓarna, sai dai ya ce ruwa ya yi gyara. Dalili kuwa a fili yake, domin wanda ya shekara yana kallon gabas yana jiran hadari ba zai iya buɗe baki ya zagi abin da ya daɗe yana roƙo ba. Yunwar da kakanninmu suka sani, irin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da farin 1973, duk daga rashin ruwa ta fito. Shi ya sa idan aka ce wa Bahaushe akwai ƙasar da danshi da yayyafi suka taimaka wajen kashe mutum miliyan ɗaya da yunwa, sai ya ɗauka tatsuniya ake yi masa.

To, ƙasar tana nan, sunanta Ayilan. Kusan kowace uwargida ta san sunan ko da ba ta san ƙasar ba, domin dankalin Turawan nan da muke soyawa da ƙwai, wanda 'yan kasuwa ke kira arish, daga sunan mutanen wannan ƙasa ya samo laƙabinsa. Tarihin ƙasar da yanayinta da wannan dankali a ɗaure suke wuri guda kamar dami.

Ayilan tsibiri ce a yammacin Ingila, ruwa ya kewaye ta ta ko'ina. Daga gaɓarta ta yamma babu wata ƙasa sai tekun Atlantika, har sai an dangana da Amurka. Ta yi arewa ƙwarai, domin a kan layi ɗaya take da yankin Labrador na ƙasar Kanada, inda teku kanta ke daskarewa da hunturu. Bisa lissafi kamata ya yi a ce ita ma ƙanƙara ta rufe ta wata da watanni, amma ba haka abin yake ba. Akwai wata igiyar ruwa mai ɗumi da ke tasowa daga mashigin tekun Meziko, ta bi ta gefen Amurka, ta ratsa Atlantika har ta iso yammacin Turai. Iskar da ta fi kaɗawa a Ayilan kuma daga kudu maso yamma take zuwa, wato sai ta bi ta kan wannan ruwa ta ɗebo ɗumi da laima kafin ta iso tudu. Teku kuwa ba ta saurin zafi, ba ta saurin hucewa. Wannan ya sa a watan Janairu, tsakiyar sanyinsu, ma'aunin zafi kan tsaya tsakanin digiri 4 zuwa 7, a watan Yuli kuwa, wanda su a wurinsu shi ne bazara, tsakanin 14 zuwa 16. Zafi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a tarihin ƙasar shi ne digiri 33.3, a garin Kilkenny cikin watan Yunin 1887. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri idan ya ji wannan sai ya yi dariya, domin a watan Afrilu irin wannan rana ita yake kira da sauƙi.

Abin mamaki game da ruwansu shi ne, idan aka auna abin da ke sauka a Dublin, babban birninsu, bai cika wuce milimita 750 a shekara ba, wato kusan daidai da abin da Kano ke samu. Bambancin shi ne namu cikin wata huɗu yake zubowa, da tsawa da walƙiya, ya yi ya gama, rana ta fito ta shanye. Nasu kuwa yayyafi ne tsit-tsit, yau da gobe da jibi, rani da damina, ga shi babu ranar kirki da za ta busar da ƙasa. A gabashin ƙasar ana samun ruwa kamar kwana 150 a shekara, a wasu sassan yamma har kwana 225. Can yamman ruwan kan kai milimita 1,000 zuwa 1,400, a kan duwatsu ya haura 2,000. Ka tuna da markar watan Agusta, lokacin da itace ke ƙin kamawa, shanya ta kwana uku ba ta bushe ba, gishiri ya narke a cikin kwano. To ka ɗauka an ja wannan markar an shimfiɗa ta a kan shekara guda, an kuma ƙara mata sanyi.

Irin wannan yanayi babu abin da yake so kamar ciyawa. Ƙasar kore ce shar kusan duk shekara, don haka tun zamanin da arzikin mutanenta shanu ne. Da saniya suke ƙiyasta daraja, da ita ake biyan diyya, sarakunansu na da kuwa yawancin yaƙe-yaƙensu a kan korar shanu ne. Bafulatanin da zai ga makiyayarsu ba zai so komawa gida ba. Alkama kuwa ba ta jin daɗin yammacin ƙasar, domin tana son rana ta nuna ta bushe, ita kuwa rana a can baƙuwa ce.

Inda ruwa ya kwanta shekara dubbai kuma, ciyayi da gansakuka sukan mutu su kasa ruɓewa sosai, su yi ta taruwa har su zama wata baƙar laka mai kauri. Irin wannan fadama ta rufe kamar kashi ɗaya cikin shida na ƙasar. Da yake an sare dazuzzukansu tun da daɗewa, wannan laka ce makamashin talaka. Sai a yanko ta kamar tubali, a jingina ta ta sha iska, a riƙa hura wuta da ita. Shekarar da ruwa ya yi yawa ta ƙi bushewa, to ranar sanyi babu wuta a murhu. A yankin Mayo wani malamin makaranta mai suna Patrick Caulfield yana yankan wannan laka a shekarun 1930 ya ci karo da duwatsu a jere a ƙarƙashinta, daga baya bincike ya nuna shingayen gonakin mutanen da ne, waɗanda fadama ta binne dubban shekaru da suka wuce.

Iskar tekun nan ma ta sha sa hannu a harkar mulki. A 1588 Sarkin Sifen ya tura jiragen yaƙi kimanin 130 don su ci Ingila. Da abin ya ƙi, suka kewayo ta arewa za su koma gida, sai guguwa ta tare su a gaɓar yammacin Ayilan ta farfasa fiye da 20 a kan duwatsu, dubban mutane suka halaka. A watan Disambar 1796 kuma Faransa ta aiko da jirage 43 ɗauke da soja wajen 14,000 don su taimaki 'yan ƙasa su kori Ingilishi, tare da wani jagoran 'yan gwagwarmaya mai suna Wolfe Tone. Sun iso mashigin Bantry suna hangen tudu da idonsu, amma iska ta hana su sauka kwana da kwanaki, har suka haƙura suka juya. Bayan shekara huɗu, a 1801, aka haɗe Ayilan da Birtaniya ƙarƙashin majalisa guda a Landan.

Akwai kuma daren 6 ga Janairun 1839, wanda suke kira Daren Babbar Iska. Ta yaye rufin gidaje ba iyaka, ta tumɓuke itatuwa, ta watsa tarin ciyawar dabbobi. Abin ya zauna a zukatan mutane har ya zama kalanda. A 1909 da gwamnati ta fara biyan fansho ga wanda ya kai shekara 70, sai aka rasa takardun haihuwa, domin ba a fara rajistar haihuwar kowa da kowa ba sai 1864. Ɗaya daga cikin tambayoyin da aka riƙa yi wa tsofaffi ita ce, ko kana tuna Daren Babbar Iska? Ashe ba mu kaɗai ne ke lissafin shekaru da shekarar fara ko shekarar yaƙin Hitila ba.

Yanzu bari mu zo kan dankali. Asalinsa daga duwatsun Andes ne na Kudancin Amurka, Sifaniyawa suka kawo shi Turai, ya iso Ayilan wajen ƙarshen ƙarni na 16. Da ya zo sai ya tarar da gida, domin shi abin da yake so ke nan, sanyi-sanyi da danshi, kuma ba ya ƙin ƙasa mara ƙarfi. Amma abin da ya mayar da shi abincin talaka tilo ba yanayi kaɗai ba ne, akwai hannun mulki a ciki. Daga yaƙin Oliver Cromwell na 1649 zuwa 1653 da abin da ya biyo baya, an ƙwace yawancin filayen 'yan ƙasa mabiya ɗariƙar Katolika an ba Turawan Ingila da magoya bayansu, aka kora da yawa can yamma inda duwatsu da fadama suka fi yawa. Zuwa 1703 abin da ya rage a hannun Katolika bai wuce kashi 14 cikin 100 na ƙasar ba, alhali su ne mafi rinjaye. Mai gona ya koma ɗan haya a gonar kakansa. Masu ƙasar kuwa da yawansu suna zaune a Landan, wakilai ke karɓar musu kuɗin haya.

To sai rayuwar talaka ta kasu biyu. Hatsin da ya noma da aladen da ya kiwata na biyan haya ne, ba ya taɓa su. Abin da zai ci shi da iyalinsa kuwa daga ɗan ƙaramin fili yake fitowa, inda yake yin kunya mai faɗi da tudu don ruwa ya tsiyaye, ya zuba taki da ciyawar teku, ya binne dankali. Eka ɗaya da rabi takan ciyar da gida mai mutum biyar ko shida. Namiji ma'aikaci yakan ci kilo biyar zuwa shida a rana, safe da rana da dare, dafaffe, da ɗan gishiri da tsala idan an samu. Kada mai karatu ya raina wannan cima, domin dankali da nono sun ƙunshi kusan duk abin da jiki ke bukata, har baƙi masu ziyara suka riƙa mamakin ƙoshin lafiyar yaran ƙauye duk da tsummokaran da ke jikinsu. Jama'a suka yi ta yaɗuwa. A 1740 mutanen tsibirin ba su wuce miliyan 2.4 ba, amma ƙidayar 1841 ta sami fiye da miliyan 8, kuma kimanin miliyan 3 daga cikinsu ba su da wani abinci sai dankali.

An riga an yi musu gargaɗi tun da wuri. A ƙarshen Disambar 1739 wani sanyi da ba a saba gani ba ya sauka, koguna suka daskare, dankalin da aka bari a ramuka ya daskare ya lalace, fari ya biyo baya. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa yunwa da cututtukan 1740 zuwa 1741 sun kashe kashi 13 zuwa 20 cikin 100 na jama'a. Amma talaka ba shi da zaɓi, abin da zai ciyar da baki shida a kan ɗan guntun fili guda ɗaya ne.

Dankali yana da rauni guda biyu da gero ba shi da su. Na farko, ba ya ajiyuwa. Manomin Hausa yakan sa gero a rumbu ya shekara biyu ko uku, shi kuwa dankali ba ya kai shekara, don haka ko a shekarar albarka watannin Yuli da Agusta watannin yunwa ne a wurinsu, tsoho ya ƙare sabo bai iso ba. Na biyu, da ƙwayar dankalin ake shuka shi, wato kowane tushe kwafin uwarsa ne. Yawancin talakawa kuma iri ɗaya suka runguma mai suna Lumper saboda yawan 'ya'yansa. Idan cuta ta iya tushe ɗaya, ta iya gonakin ƙasar gaba ɗaya.

Cutar ta fara bayyana a gabashin Amurka a 1843, ta ƙetaro teku, aka gan ta a Beljiyam a tsakiyar 1845, ta iso Ayilan a watan Satumba na wannan shekara. Wata halitta ce mai kama da fumfuna, ido ba ya ganin ƙwayoyinta, iska ke ɗaukarsu daga gona zuwa gona. Abin da take bukata ta hayayyafa shi ne ɗumi da bai gaza digiri 10 ba, da iska mai cike da laima, da ganye jiƙaƙƙe na sa'o'i masu yawa. Wato dai yanayin da ya yi wa dankali gata shi ne kuma ya yi wa maƙiyinsa shimfiɗa. Sai ganye ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, farin gashi ya fito a ƙarƙashinsa, ruwan sama ya wanke ƙwayoyin zuwa cikin ƙasa su kama 'ya'yan. Mutum ya kwanta gonarsa kore shar, cikin 'yan kwanaki ta koma baƙa ƙirin tana wari. Wanda aka haƙa da kyansa aka adana a rami, in an buɗe sai a tarar ya narke ya zama ruɓaɓɓen kunu.

A 1845 an yi asarar tsakanin sulusi da rabin amfanin gona. Mutane suka sayar da alade da 'yan komatsansu, suka lallaɓa suka kai baɗi, suna cewa bana ce kawai. A 1846 cutar ta dawo da wuri, tun Yuli da Agusta, ta cinye fiye da kashi uku cikin huɗu. A 1847 ta yi sauƙi, amma ina iri? An cinye shi don yunwa, gonakin da aka shuka kaɗan ne. A 1848 da mutane suka yi ta maza suka sake shukawa da yawa, damina ta zo da danshi, cutar ta sake share gonakin. Masana na lokacin sun yi ta gardama, wasu suna cewa ruwa ne ya yi wa dankalin yawa, wasu suna cewa gurɓatacciyar iska ce. Wani limamin coci a Ingila mai binciken tsirrai, Miles Berkeley, ya ce tun a 1846 fumfunar nan ita ce sanadi, ba a kula shi sosai ba, sai a 1861 wani Bajamushe, Anton de Bary, ya tabbatar da maganarsa. Maganin feshi na sinadarin tagulla kuwa bai samu ba sai a shekarun 1880, a Faransa.

Mai karatu zai ce, mutanen da teku ta kewaye, me ya hana su kamun kifi? Gaɓar yamma duwatsu ne da igiyar ruwa mai hauka, jiragen talakawa kuwa 'yan ƙananan kwale-kwale ne na saƙar itace da aka lulluɓe da fata ko zane mai kwalta, ba sa iya shiga can ciki da hunturu. Da yawa ma sun jinginar da komarsu tun a shekarar farko don sayen abinci. Mai jin yunwa kuma ina ya ga ƙarfin tuƙi?

A nan ne maganar ta tashi daga kan yanayi ta koma kan shugabanni. Cutar nan ta shiga Beljiyam da Holan da Jamus da Sikotilan, an sha wuya, an yi mace-mace, amma babu inda ta yi kisa irin na Ayilan, wadda a lokacin wani ɓangare ce ta daular da ta fi kowace arziki a duniya. Firayim Minista Robert Peel ya yi ɗan yunƙuri, a ƙarshen 1845 ya sa aka sayo masarar fam 100,000 daga Amurka a asirce. Mutanen ba su san masara ba, ba su da injinan da za su niƙa ta da laushi, ba su iya tuƙa ta ba, ta riƙa ɓata musu ciki. Duk da haka ta tsare rayuka a shekarar farko. A tsakiyar 1846 gwamnatinsa ta faɗi, ta John Russell ta hau, ita kuwa aƙidarta ita ce kada gwamnati ta sa baki a harkar kasuwa. Babban jami'in baitulmali da aka danƙa wa aikin agaji, Charles Trevelyan, yana ganin ciyar da mutane kyauta zai koya musu lalaci, yana kuma kallon masifar a matsayin hanyar da Ubangiji Ya kawo don gyara ƙasar.

Don haka aka bar tashoshin jiragen ruwa a buɗe. Hatsi da shanu da man shanu suka ci gaba da fita zuwa Ingila, wani lokaci soja na rakiya, mayunwata na kallo. Alhali a ƙarancin abinci na 1782 zuwa 1783 an taɓa rufe tashoshin, farashi ya sauko. Gaskiya ne daga 1847 hatsin da ke shigowa ya fi wanda ke fita yawa, kuma abin da aka fitar ba zai cike gurbin dankalin duka ba. Amma watannin ƙarshen 1846, kafin masarar waje ta iso, su ne lokacin da buhu ɗaya ke raba rai da mutuwa.

Maimakon abinci sai aka ba su aiki. Aka ce wanda ke son kuɗin sayen gari ya fito fasa dutse da gina hanya. Zuwa Maris na 1847 mutum fiye da 700,000 ke wannan aiki, maza da mata da yara, a kan ladan da bai isa ciyar da gida ba. Allah da ikonsa, hunturun 1846 zuwa 1847 ya zo da tsananin da ba a saba ba, da dusar ƙanƙara da iska mai yankan jiki. A al'ada talakan Ayilan yakan yi hunturu a ɗaka kusa da murhu, yanzu ga shi a waje cikin tsumma, ciki babu komai. Mutane suka riƙa faɗuwa a bakin aiki. Har yau akwai irin waɗannan hanyoyi a yammacin ƙasar, sun taso daga babu sun ƙare a tsakiyar fadama.

Da abin ya ƙazanta sai gwamnati ta buɗe wuraren dafa fate na masara da shinkafa ana rabawa. A watan Yulin 1847 mutum miliyan 3 ke karɓa kowace rana, mace-mace suka ragu. Wannan ya nuna ashe ana iyawa in an so. Amma kafin ƙarshen shekarar aka rufe su, aka ce daga yanzu Ayilan ta ɗauki nauyin talakawanta da harajinta, ta hanyar gidajen gajiyayyu guda 130 da ke ƙasar. Aka kuma sa wata doka cewa duk wanda ke riƙe da fili da ya wuce rubu'in eka ba shi da haƙƙin agaji sai ya saki filin. Ka ga an ba uba zaɓi tsakanin gonarsa da ran 'ya'yansa. Masu ƙasa kuma, da haraji ya hau kansu, suka shiga korar 'yan haya, a fitar da iyali a rushe rufin ɗakin a gabansu don kada su dawo, cikin ruwan nan da ba ya ɗaukewa.

Yawancin waɗanda suka mutu cuta ce ta ƙarasa su, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, da atini, sannan kwalara a 1849. A garin Skibbereen an binne dubbai a manyan ramuka babu akwati. A ƙarshen Maris na 1849, a yankin Mayo, aka ce wa ɗaruruwan mayunwata su je wani masauki mai nisan mil 12 daga garin Louisburgh don jami'ai su duba su kafin a ci gaba da ba su agaji. Suka taka cikin dare da mugun sanyi ta gefen tafkin Doolough, daga baya aka riƙa tsintar gawarwaki a bakin hanya, har da mata da yara.

Wanda ya sami kuɗin jirgi ya gudu. Jiragen da suka ɗebe su zuwa Kanada da Amurka har laƙabi aka yi musu da akwatunan gawa, saboda cunkoso da zazzaɓi. A tsibirin Grosse Île na Kanada, inda ake tsare masu shigowa don duba lafiyarsu, an binne fiye da mutum 5,000 a 1847 kaɗai. Tsakanin 1845 da 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka yi hijira. Ƙidayar 1851 ta sami miliyan 6.5, hijira kuma ba ta tsaya ba, zuwa 1911 saura miliyan 4.4. Ƙidayar 2021 da 2022 ta nuna mutanen tsibirin duka sun ɗan haura miliyan 7, wato har a lokacin ba su mayar da adadin 1841 ba. Harshensu na gado ma ya ji jiki, domin yankunan da aka fi jinsa su ne yunwa ta fi sharewa.

Cikin wannan duhu an ga masu zuciya. Daga Kalkata ta Indiya aka fara aiko da gudummawa. 'Yan ɗariƙar Quaker sun ciyar da mutane ba tare da tambayar addininsu ba. Sarauniya Biktoriya ta ba da fam 2,000. Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya, Sultan Abdulmajid, ya aiko da fam 1,000 daga Santambul a 1847, zuwa ga mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne na ƙabilar Choctaw, 'yan asalin Amurka, waɗanda shekara 16 kafin nan aka kore su daga ƙasarsu dubbai suka mutu a hanya. Su ma suka tara dala 170 suka aika. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A 2017 aka ƙaddamar da wani abin tunawa da su a garin Midleton, a 2020 kuma lokacin annobar korona mutanen Ayilan suka yi ta aika kuɗi ga ƙabilun Navajo da Hopi, suna cewa bashi suke biya.

Waɗanda suka yi hijira ba su manta ba, ba su kuma yafe ba. Jikokinsu a Amurka sun tallafa wa gwagwarmayar da ta kai ga yawancin tsibirin ya fita daga hannun Birtaniya a 1922. Cikin waɗanda suka bar yankin Wexford a shekarun yunwar akwai wani Patrick Kennedy, wanda tattaɓa-kunnensa John Kennedy ya zama shugaban Amurka, ya kuma ziyarci ƙauyen kakanninsa a 1963. Sai a 1997 wani Firayim Ministan Birtaniya, Tony Blair, ya fito ya amsa cewa masu mulki a Landan na wancan lokaci sun gaza. Mu ma nan mun ga ɓurɓushin wannan tarihi. Matan coci 'yan Ayilan ne suka zo Kano a 1948 suka kafa makarantar St. Louis, ƙungiyar agaji ta Concern kuma an kafa ta ne a Dublin a 1968 saboda yunwar da yaƙin basasar Najeriya ya haddasa, domin wanda ya san zafin abu shi ke saurin jin kukan mai shi.

Yanayin ƙasar dai yana nan yadda yake. Da yake duk hadarin da zai shiga Turai daga yamma ita yake fara gaisarwa, ma'aunanta na da daraja. A ranar 3 ga Yunin 1944 wata budurwa 'yar shekara 21, Maureen Flavin, ta auna iska a Blacksod ta aika rahoton cewa guguwa na tafe, rahoton ya shiga cikin abin da ya sa sojojin ƙawance suka ɗaga ƙetarawarsu zuwa Faransa daga 5 zuwa 6 ga wata. A Janairun 2025 ma wata guguwa ta kaɗa da gudun kilomita 184 a sa'a a gaɓar Galway. Cutar dankalin ita ma ba ta tafi ko'ina ba. Hukumar yanayi ta ƙasar takan yi shela idan ta ga ɗumi da laima sun haɗu, manoma su fita feshi. Manomanmu na Bokkos da Mangu a tsaunukan Filato, inda arish ɗin kasuwanninmu ke fitowa, su ma sun san ta sarai a daminar da hazo da yayyafi suka yi yawa.

'Yan uwa, abin da na tsinta a wannan tarihi shi ne, iska da ruwa na Allah ne, babu mai juya su, amma rumbu da rabon abin da ke cikinsa a hannun mutane suke. Yayyafin da ya ruɓar da dankali bai hana hatsi da shanu yin kyau a shekarun nan ba, talaka ne kawai ba shi da iko da su. Kakanninmu da suke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, su ware na iri su rufe rumbun da ba a taɓawa sai ta ɓaci, sun san abin da suke yi, kada mu yar da wannan dabara don kwaɗayin amfanin gona guda mai kawo kuɗi. Masu riƙe da al'umma kuma su tuna da Annabi Yusufu, alaihissalam, wanda ya tara a shekarun yalwa ya buɗe a shekarun tsanani. An fi shekara 170 da yunwar Ayilan, amma yaran makarantarsu har yau sun san sunan Trevelyan, kuma ba da alheri suke ambatonsa ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawansu. Amin summa amin.